Wurin da Abba Bai Rasu Ba

Ku da kuke ta turo min saƙo kuna cewa, "Baiwar Allah, ki ba Dakta amsa mana, bawan Allah ya gaji da jira," to yau ku gyara zama. Zan faɗa muku abin da ko Ummata ban taɓa faɗa wa ba. In kun gama karantawa ku zage ni son ranku, ni yanzu ko zagi ba ya shigata.

Ga wanda yau ya fara cin karo da ni: shekarata ashirin da shida, ni ce auta a gidanmu, ina aikin buga takardu a ofishin wata makarantar firamare. Abbana ya rasu shekara biyu da wata uku ke nan. Akwai wani likitan ido da yake nemana da aure tun bara, kowa a gida Dakta yake ce masa. Mutumin nan ba shi da aibu. Na duba, wallahi na duba, irin duban da ake wa shinkafa ana neman tsakuwa, ban samu ba. Matsalar daga wajena take. Tun ranar da aka fita da Abba ƙirjina ya koma kamar ɗakin da aka kwashe wa kaya. Ban yi kuka ranar ba, ban yi washegari ba, har mutane suka riƙa yaba min haƙuri. Ina ci, ina sha, ina zuwa aiki. In aka yi abin dariya ina yi, don na ga kowa na yi.

Abu ɗaya ne ban fasa ba. Duk Asabar ina zuwa wani gidan wasa can ƙarshen gari, sai an hau mota biyu kafin a kai. Irin wanda ke da lilo, da manyan kofuna masu juyawa da mutum, da ƙaramin jirgin ƙasa mai zagaye wurin. Tun ina shekara huɗu Abba yake kai mu. Yayyena suka girma suka ce su sun wuce nan. Umma kuwa ko kallon lilo ta yi sai jiri ya kwashe ta. Sai ya rage daga ni sai shi, da katinmu na shekara-shekara, mai ruwan toka, wanda ake ba tsofaffin baƙi.

Na san za ku ce, me ƙatuwar budurwa take nema a wurin da ta haddace? Ai haddar ce abin. Sabbin zuwa su ne ke ihu, suna gudu daga wannan layi zuwa wancan kada wani abu ya wuce su. Mu 'yan kullum tafiyarmu ma daban ce. Na san kofi na uku ya fi sauran juyawa don ƙusarsa ta saki. Na san kujerar jirgi ta biyu daga baya ce kaɗai rana ba ta gasawa. Na san lasifikar bakin ƙofa sai ta yi tari sau biyu kafin waƙa ta fara, kuma zakin roba da ke cikin kogo haƙorinsa ɗaya ya fita tun ina aji uku, ba a taɓa gyarawa ba. Akwai wasu tsofaffi, miji da mata, da suke sayen askirim ɗaya su karɓi cokali biyu, suna ci suna faɗa a kan wanda ya fi ɗiba. Ba mu san sunan juna ba, sai dai ɗaga hannu. A waje komai yana canzawa ba tare da an tambaye ka ba. A can kuwa abin da ka bari shi za ka tarar.

Sai kuma Baba Direba, mai tuƙa jirgin. Tsoho ne siriri mai hular shuɗi da usur a wuya. Kwandasta yake ce min, don ina ƙarama ni nake karɓar masa tikiti in hura usur ɗin. Shi da Abba abotarsu ta bakin jirgi ce zalla. Bai san gidanmu ba, ba shi da lambar Abba, amma shekara ashirin suna tsayawa a jikin shingen nan suna musu a kan ƙwallo da tsadar rayuwa har yara su fara buga ƙafa.

Zuwanmu na ƙarshe tare, Abba yana ɗingishi, ciwon sukari ya taɓa masa ƙafa. Sati uku bayan rasuwarsa na shirya na tafi ni kaɗai, da niyyar in gaya wa Baba Direba. Tun a mota nake tsara maganar. Yana hango ni ya washe baki.

"Kwandasta! Ina mutumin nawa? Ya ƙafar?"

Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Da sauƙi, Baba."

"Alhamdulillahi. Ki ce masa ya daina raki, ya zo mu ƙarasa musunmu."

Na ce to. Na shiga jirgi na zauna a kujera ta biyu daga baya, muka zagaya. Minti bakwai ne zagayen. A cikin minti bakwai ɗin nan Abba yana gida, kwance a falo, ƙafa a kan matashi, yana jiran in dawo in ba shi labari. Satin gaba na koma. Aka sake tambaya, na sake cewa da sauƙi. Wata ran in ce ya yi tafiya, wata ran in ce likita ya hana shi doguwar tsayuwa. Har katin na sabunta sau biyu da sunansa. Duk faɗin duniyar nan, nan ne kawai wurin da Abba bai rasu ba, kuma ni kaɗai na sani.

To, ranar Juma'a da yamma na dawo daga aiki na tarar da takalmin Gwaggo a ƙofar falo. Yayar Abba ce, in ta zo gidanmu labule ma sai ya nutsu. Tana zaune a kujerar da ta fi kowacce laushi, ta cire mayafi ta ɗora a cinya. Umma na gefe tana ninke wanki, tana ninke zani ɗaya sau uku.

"Zo nan, Auta," in ji Gwaggo. "Zauna. A'a, nan kusa da ni, in ga idonki."

Na zauna.

"Yaron nan wata goma sha huɗu yana sintiri. Ba wanda zai yi miki dole a gidan nan, ubanki ma bai yi wa kowa ba. Amma mutum ba kujera ba ne da za a ajiye shi a kusurwa. Kina so, ko ba kya so?"

"Ban sani ba, Gwaggo."

"Ji min yarinya! Ba ki sani ba? To wa zai sani, maƙwabta?" Ta juya ga Umma. "Ni fa na gaya miki, Asabar ɗin nan da take ɓacewa akwai magana a ciki. Ƙatuwa da ita, wai lilo. Auta, tsakaninki da Allah, wa kike zuwa gani?"

Na kalli ƙafata. A raina na ce, Gwaggo kin canka, namiji ne, ƙaninki ne ma.

"Ba kowa," na ce.

Umma ta ajiye zanin. Ita ba ta ɗaga murya, shi ya sa maganarta ta fi wuyar kaucewa. "In ba kowa, gobe ki tafi da Dakta. Ya ga wurin da kike so. Ku yi magana a can, ki dawo min da amsa, ko wacce iri ce."

Ban iya cewa a'a ba. Me zan ce dalili?

Ina shiga ɗaki saƙonsa ya shigo. Ashe Umma ta riga ta kira shi.

"Ranki ya daɗe, an ce gobe za a kai ni lilo. In zo da kuɗin askirim ko za a saya min?"

Na rubuta: "Akwai abin da ya kamata ka sani kafin mu je." Na kalli rubutun. Na goge. Na rubuta: "Ƙarfe goma."

"An gama. Amma ki sani ni matsoraci ne, kada ki hau da ni abin da ke juya mutum."

Na tura masa fuskar nan mai murmushi. Tawa fuskar ko motsi ba ta yi ba.

Da safe na sa doguwar riga ruwan ƙasa, wadda Umma ke cewa tana mai da ni kamar buhu, da baƙin mayafi da takalmi mara tsini. Ko hoda ban shafa ba. Shi kuwa ya zo cikin farar riga an goge ta har tana ɗaukar ido, gilashinsa tas, motar tana ƙamshin lemo. Ya buɗe min ƙofa. A hanya yana ba ni labarin wata tsohuwa da ta zo gwajin ido, ta haddace haruffan allon tun daga layi don kada a ce ba ta gani. Na yi dariya a inda ya dace.

Sau uku na yi niyyar gaya masa. A danja ta farko na ce bari mu wuce. A gidan mai na ce bari ya dawo. Da muka yi fakin na ce, "Dakta."

"Na'am?"

"In mun shiga, ka bar ni in riƙa magana."

Ya yi dariya. "To, ranki ya daɗe. Ni ɗan rakiya ne."

Ya ɗauka kunya ce. Ni kuma na bar shi a haka.

A bakin ƙofa lasifika ta yi tarinta biyu. Matar da ke duba kati ta kalle shi sama da ƙasa ta kashe min ido, layi ya yi tsawo ba ta samu damar surutu ba. Muka wuce. Na nuna masa kofi na uku, na nuna masa tsofaffin nan masu cokali biyu, ya ce, "Kin ga mu nan da shekara arba'in," sannan ya yi sauri ya ce, "Au, afuwan, ba matsa miki nake ba." Na ja shi ta bayan lilo don mu kauce wa jirgin. Na kusa tsira, wallahi na kusa.

Sai usur ya tashi.

"Kwandasta! Yau kuma wuce ni za a yi?"

Ƙafata ce ta kai ni, ba ni ba. Baba Direba ya sauko daga kan injin yana gyara hula, ya kalli Dakta, ya kalle ni, bakinsa har kunne.

"Iye! To, to, to. Sannu da zuwa, samari. Wannan da kake gani a hannuna ta girma, ta sha hura min usur har da majina." Ya riƙe hannun Dakta da hannu biyu. "Ka yi dace. Amma fa ubanta sai ka shirya, mutumin nan musu ne da shi kamar me. Shekara ashirin bai taɓa yarda na fi shi gaskiya ba."

Dakta yaro ne mai tarbiyya. Abin da aka koya masa tun yana ƙarami shi ya yi. Ya ɗan rusuna, ya sassauta murya.

"Ai ban samu ganinsa ba, Baba. Sai dai labarin alherinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya kai haske kabarinsa."

Kun san yadda wuta ke ɗaukewa ana tsakiyar kallo? Haka fuskar Baba Direba ta yi. Bai saki hannun Dakta ba.

"Wa?"

Dakta ya kalle ni. Ni kuma ina kallon maɓallin rigar Baba, na biyu daga sama, wanda aka ɗinke da jan zare.

"Kwandasta. Wa ya rasu?"

Baba ya matso kusa da ni.

"Yaushe? Cikin satin nan? Ai Asabar ɗin da ta wuce kika ce min..."

"Shekara biyu," in ji Dakta a hankali, don ya ga ba zan yi magana ba. "Da 'yan watanni."

Tsohon nan ya lalubi shinge ya zauna a kan dakalin siminti. Ya cire hular. Ban taɓa ganin kansa ba hula ba, ashe sanƙo ne da shi. Ya yi salati ya maimaita, hawaye na bin ramukan fuskarsa, yara cike da jirgi suna leƙowa. Wata uwa ta ce, "Malam, lafiya? Rana fa ake yi." Ko kallonta bai yi ba.

Na ɗauka zai yi faɗa. Da ya yi, da ya fi min sauƙi. Sai ya ɗago ya ce, "Shekara biyu ina aika masa gaisuwa. Ina ce masa rago. Kullum in na idar da salla ina roƙa masa lafiyar ƙafa." Ya goge hanci da bayan hannu. "Lafiyar ƙafa, Kwandasta. Ko sau ɗaya ban roƙa masa gafara ba. Me ya sa kika hana shi addu'ata?"

Ban taɓa kallon abin ta nan ba. Wallahi ban taɓa ba. Ni a ganina ajiye Abba nake yi. Ashe akwai abin da nake tare masa.

"Ka yi haƙuri, Baba," na ce. Muryata ta fito kamar ina karanta sanarwa a ofis.

Ya ɗaga hannu a nan kan dakalin ya yi addu'a mai tsawo. Dakta ya tsuguna kusa da shi da farar rigarsa yana amsawa. Ni ina tsaye da jaka a hannu. Da ya shafa, ya mai da hula, ya miƙe yana dafa gwiwa.

"Ku shiga," ya ce. "Yara na jira."

Muka shiga. Kujera ta biyu daga baya. Jirgin ya ja, muka wuce tafkin agwagi, muka wuce lilo, muka shiga kogo. Zakin yana nan da giɓinsa. Na kalle shi sosai, roba ce kawai da fenti ya kwaile. Na nemi falon nan da Abba ke kwance yana jirana, na neme shi har muka fito haske, ban same shi ba. Minti bakwai ne daidai, na duba agogo.

A mota Dakta bai kunna inji ba. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Ban sani ba," ya ce. "Da kin gaya min..."

"Da na gaya maka, da za ka yi shiru?"

Ya cire gilashi ya goge da gefen riga, ya mayar.

"Da zan yi shiru, don ke. Amma da ban ji daɗin kaina ba. Kin ga tsohon nan."

"Wuri ɗaya ne ya rage min," na ce. "Ɗaya tak. Ka zo da farar rigarka ka kashe min uba."

Na ga maganar ta shige shi, har ya runtse ido. Na jira in ji tausayinsa ko in ji kunya. Abin da na ji wani zafi ne can ƙasan haƙarƙarina, ƙarami, kamar an ɗiga min ruwan zafi. Na sa hannu a wurin. Rabon da in ji wani abu a nan har na manta.

Ya tuƙa mu har ƙofar gida. Da zan fita ya ce, "Auta." Bai taɓa kirana haka ba, kullum ranki ya daɗe ne.

"Ba zan ƙara tambayarki amsa ba. Ba fushi na yi ba. Na gane wata goma sha huɗu ina ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ake zaman makoki, ban sani ba. Ki yi abin da ke gabanki. In kin neme ni, kin san inda nake. In ba ki neme ni ba, na fahimta."

Na rufe ƙofar motar. Ban ce masa sai anjima ba.

Ana kiran la'asar na shiga. Gwaggo ashe ba ta tafi ba, kwana ta yi don jiran sakamako. Suna kicin, Umma tana yanka albasa a kan katako, Gwaggo na zaune a kujera 'yar tsugunno tana fifita da murfin roba. Tukunya na tafasa, tagar a buɗe.

"Yawwa, ga 'yan lilo," in ji Gwaggo. "Ina angon? Bai shigo ba? To, me kika ce masa?"

Na tsaya a bakin ƙofa. Zafin nan ya hauro daga haƙarƙari. Na yi niyyar cewa ban ba shi amsa ba tukuna.

"Umma," na ce. "Abba ya rasu."

Gwaggo ta saki murfin. "Innalillahi! Yarinyar nan lafiyarki kuwa? Me aka ba ki a can?"

"Yaya, yi shiru," in ji Umma. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta katse Gwaggo ba.

Ta ajiye wuƙar. Ta goge hannu a zaninta, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Ta zo ta karɓi jakar daga hannuna ta rataye a ƙusa, ta zare min mayafi, ta kama fuskata da tafukanta masu warin albasa.

"Eh, Auta," ta ce. "Ya rasu."

Muka zube tare a kan simintin kicin, wani sauti ya fito daga bakina wanda ban san nawa ba ne. Ta danna kaina a ƙirjinta tana jijjiga ni.

"Yi abinki," ta ce a kunnena. "Kowa ya yi nasa ya tashi. Ni ban gama nawa ba, ke nake jira."